Babban Yatsan Masassaƙi

Shekara ashirin ina sa hannu a takardun banki a Glasgow,
MacIntyre, MacIntyre, har alƙalami ya haddace hanya.
Ina dakon sunan kamar buhun da aka ɗora mini a tasha,
ban taɓa kwance bakinsa ba.

Sai ran da waya ta zo daga Taynuilt:
Kaka Dugal ya cika,
a zo a kwashe rumfarsa ta bakin ruwa.

Na tarar da gizago rataye a ƙusa,
zarto mai haƙora uku a karye,
warin kwalta da jiƙaƙƙen katako,
da kwale-kwale kife bisa duwatsu biyu,
an yi masa rabin gyara, an tafi.

A nan yake zaunar da ni ina 'yar shekara bakwai.
"Ishbel, buɗe kunne.
Da harshenmu na Gelik, Mac an t-Saoir ake cewa.
Mac, ɗa ke nan. Saor, masassaƙi.
Ɗan masassaƙi: iyakar sarautarmu ke nan.
Wasu sun gaji takobi, mu mun gaji ɓawon itace a gashi."

Sai ya ɗaga babban yatsansa mai baƙin farce.
"An ce, ni dai ban gani ba,
jirgi ya huje a tsakiyar teku,
ruwa na shigowa kamar an gayyace shi biki.
Kowa na salallami, mutum ɗaya ya durƙusa
ya cusa yatsansa a ramin.
Da ya ga aiki na jiransa a wani gefen,
ya sare yatsan, ya bar shi nan ya zama toshiya."

Ni kuwa in ce ƙarya ne.
Shi kuwa ya ce, "To ƙirga naki, ki gani ko an biya bashin."
In ƙirga, goma cif. Ya yi dariya har da tari.

Akwai kuma na kwarin Glen Noe,
inda aka ce kakanninmu na biyan haya
da farin maraƙi da dunƙulen ƙanƙara a tsakiyar zafi,
a hau Cruachan a ɗebo daga inuwar dutse,
a sauko da sauri kafin haya ta narke a hannu.
Wannan ma na ce ƙarya ne.
Yau ga ni da albashi, kuma haka yake narkewa.

Mai sayen kayan zai zo ran Litinin,
wani Torkil daga Oban, ya yi tayi ta waya.
Daren Lahadi na kasa barci.
Da asuba, cikin yayyafi, na birkice kwale-kwalen ni kaɗai,
na ja shi har ruwan Etive ya karɓe shi.

Ban yi nisan jifa ba
sanyi ya taɓa mini idon sawu.
Ga ramin, daidai inda aikinsa ya tsaya,
ƙarami, kamar ƙofar gidan tururuwa.
Ba tsumma, ba toshiya, ba kowa a gaɓa
sai wani tsuntsun ruwa mai kallon raini.

Na durƙusa.
Ban yi shawara da kowa ba, hannun ne ya san hanya.

Ashe suna linzami ne.
Na zauna a tsakiyar ruwa, yatsa a rami,
ina dariya, ina share hanci da kafaɗa,
ma'aikaciyar banki mai farce ja,
jikar jikar wanda watakila ba a taɓa yin sa ba.

Ban sare nawa ba, Kaka, kada ka sa rai.
Igiyar ruwa ce ta turo ni gaɓa a hankali.
Torkil ya zo da motarsa da kuɗinsa a ambulan,
na ba shi shayi, na ba shi haƙuri.
Gizagon yana nan. Ban iya riƙe shi ba tukuna.
Jiya ya ɓare mini fata, a babban yatsa.